Masu Kallon Fim Da Kunne

A Birnin Kudu da Gwaram akwai masoyan finafinan Hausa da ba sa ganin fuskar jarumi ko ɗaya, amma sun haddace muryar kowane mawaƙi. Rakoda ta tafi, wayar shafa-shafa ta zo. Ko ta zo masu da sauƙi?

IDAN furodusa ya tashi godiya a wajen bikin karramawa, 'yan kallo yake yi wa. Idan jaruma ta zo hira, 'yan kallo take gaisarwa. Kalmar ta bi bakin kowa a industiri, har an manta cewa akwai wasu masoyan da ji kawai suke yi. Suna nan a Birnin Kudu, suna nan a Gwaram da Sara da Basirka da ƙauyukan da ke tsakani, samari da 'yan mata da dattawa masu lalurar gani, waɗanda fim ke shigar su ta kunne. Kuma kaso mafi tsoka na abin da ke shigar, waƙa ce.

Kada mai karatu ya raina saninsu. A tsarin fim ɗin Hausa, wanda ya ɗauko samfuri daga Indiya, mai rera waƙa daban, mai hawa kanta daban. Ka tambayi mai ido wata waƙa ta zamanin Sangaya ko Wasila, nan take zai ce maka ai ta Ali Nuhu ce da Fati Mohammed, ko ta Ali da Wasila Isma'il, har ya gaya maka kalar kayan da suka sa. Shi kuwa makaho, kaya da rawa ba su ɗauke masa hankali ba. Muryar ya riƙe. Tun daga baitin farko zai ce wannan Misbahu M. Ahmad ne, waccan Rabi Mustapha ce, wannan Mudassir Ƙassim, waccan Fati Nijar ko Maryam Sangandale. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji Bahaushe. To, a cikin masu sauraro da wuya a sami wanda ya kai makaho sanin mai ita.

Kuma ba kaɗan ba ne su. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa a cikin duk mutum 100 da suka kai shekara 40 zuwa sama, fiye da 4 makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13 a lokacin. Arewa maso Yamma, yankin da Jigawa take, shi ya fi ko'ina yawan adadi. Yanar ido ce ke kan gaba da kashi 43 cikin ɗari, hawan jinin ido na biye da ita. Abin takaicin, binciken ya ce kashi 84 cikin ɗari na makantar nan ana iya kauce mata ko a yi maganinta. Wannan lissafi bai ma haɗa da yara da matasa ba, irin waɗanda ƙyanda ko wani ciwo ya tafi da idonsu tun suna ƙanana. A lura kuma da wani abu: saurayin da ya kalli Sangaya da idonsa wajen shekarar 2000, yau ya haura 40. Wasu daga cikin masu sauraron nan sun san fuskokin, gani ne ya ƙwace masu daga baya, waƙar ce kaɗai ta rage masu a hannu.

Shi Birnin Kudu ma gari ne da ya daɗe da sanin darajar kunne. An fi saninsa da zane-zanen dabbobi na mutanen da, waɗanda ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Amma a nan ne, a 1955, wani Bature masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg ya lura da duwatsun da idan an buga su suke amo kamar ƙararrawa, har ya sanar da duniya labarinsu. Zane na ido da kiɗa na kunne, duk a wuri guda. Baƙi dai zanen suke zuwa gani.

Zamanin da komai ke taɓuwa

A shekarun 2000, idan za a fitar da fim, kaset ɗin waƙoƙinsa na rediyo ke riga shi shiga kasuwa. Daga sutudiyo irin su Iyan-Tama a Kano, inda fiyano ya kori kalangu, sai shagunan 'yan kaset, sai motocin haya su biyo da shi ta Wudil har Birnin Kudu da Gwaram. Kafin fim ya fito, 'yan mata sun haddace waƙar a wajen daka.

Ga makaho, wannan zamani ya yi daɗi ta wata fuska da mai ido ba zai gane ba. Rakoda abu ce da hannu ke karantawa. Madannanta manya ne, a jere, kowanne da mazauninsa, kuma idan ka danna za ka ji ƙas. Kaset kansa kaya ne da ake riƙewa. Mutum zai iya ɗaura wa wannan zare, ya kankare gefen wancan da reza, ya manna wa wani ƙyalle, ya jera su a kwali yadda ya ga dama. Ko da tsakar dare ya miƙa hannu, ya san wanda ya ɗauko. Idan zaren kaset ya harɗe, ya sa biro ya naɗe kayansa. Ba ya neman ɗan jagora.

Da faifan CD ya zo, abin ya ɗan ja baya, don faifai duk sulɓinsu ɗaya. Sai ƙananan wayoyi masu madannai da rediyo mai cin memori suka zo suka gyara. Duk wanda ya riƙe tsohuwar Nokia zai tuna ɗan ƙullutun da ke kan lamba 5. Don lalube aka yi shi. Daga nan yatsa ke lissafin sauran lambobin. Makaho ya haddace cewa danna ƙasa sau kaza, tsakiya sau ɗaya, ya shiga wajen waƙoƙi. Har gobe da yawa daga cikinsu a karkara wannan suke riƙe da ita, ko 'yar sifikar nan da ake kira MP, kuma suna da gaskiyarsu.

Sai ga wayar shafa-shafa. Idan abu ya bayyana ƙarara, akan ce ko makaho ya shafa ya ji. To ga abin da makaho zai shafa tun daga sama har ƙasa bai ji komai ba: gilashi ne sumul, ba tudu ba kwari. Madannan duk sun koma hoto. Tirƙashi!

Wayar da ke magana

Da iPhone ta fito a 2007 ba ta zo wa makafi da komai ba. Sai a 2009 kamfanin Apple ya sa mata wata murya mai suna VoiceOver, a shekarar kuma Google ya fito da tasa ta wayoyin Android, mai suna TalkBack. Tunda a kudancin Jigawa Tecno da itel da Infinix ne a hannun yawancin jama'a, TalkBack ce abin magana. Kyauta ce. Tana cikin saitin waya, a sashen da aka rubuta Accessibility, a wasu wayoyin kuma sai an sauko da ita.

Da zarar an kunna ta, wayar ta canza ɗabi'a. Taɓawa ɗaya ba ya buɗe komai, sai dai wayar ta faɗi sunan abin da yatsa ya sauka a kai. Idan shi ake nema, sai a buga sau biyu a ko'ina a jikin gilashin, ya buɗe. Shafa zuwa dama na kai mutum abu na gaba, shafa zuwa hagu na mai da shi baya, kamar mai jan carbi. Jan shafi sama ko ƙasa sai da yatsu biyu. A sababbin wayoyi, idan aka buga sau biyu da yatsu biyu, waƙa za ta tsaya, a sake bugawa ta ci gaba, ba sai an je neman maɓalli ba. Akwai ma damar kashe hasken fuskar wayar ɗungurungum ta yi baƙi ƙirin alhali tana aiki, don kada na kusa ya leƙa. Waɗanda suka ƙware kan ƙara wa muryar sauri har mai ido ya kasa tsintar kalma ɗaya, ya ɗauka kaset ne ya harɗe.

Af, wataƙila mai karatu ya taɓa gamuwa da ita bai sani ba. A wayoyi da dama, idan aka danne maɓallan ƙara murya da rage murya tare na daƙiƙa 3, TalkBack na iya tashi. Sai mutum ya ciro waya daga aljihu ya ji tana surutu da Turanci, ya taɓa ta ƙi buɗewa, wani koren layi na zagaye abubuwa. Wani ya ce bairos ne, wata ta ce aljanu ne, a ruga wajen mai gyara. Masu gyaran waya tun daga Farm Centre ta Kano har tashar Birnin Kudu sun san wannan ciwo, maganinsa bai kai minti ɗaya ba. Abin da mai ido ke biya a cire masa, shi ne idon wani.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. TalkBack ba ta ganin hoto yadda mutum ke gani. Sunan da maginin manhaja ya liƙa wa kowane maɓalli a ɓoye take karantawa. Idan ya yi aikinsa da kyau, yatsa na sauka za ta ce wannan na kunnawa ne, wannan na tsallakewa ne, wannan na maimaitawa. Idan kuwa ya yi ganda, ya zana 'yar kibiya mai kyau bai ba ta suna ba, sai muryar ta ce maɓalli ne mara suna. Na gaba ma mara suna. Na gaba ma haka. Ka ƙaddara maɓallai bakwai a jere, ɗaya na kunna waƙa ne, ɗaya kuma na goge ta, duk sunansu ɗaya. Sai dai a yi ta canki-canka. Gaskiya ne TalkBack na ba mutum dama ya raɗa wa irin waɗannan maɓallai suna da kansa, sababbin fitowarta ma kan yi ƙoƙarin cankar ma'anar hoton, amma wannan faci ne. Ranar da aka sabunta manhajar aka sauya wa kaya mazauni, aiki na iya dawowa sabo.

Sai talla. Manhajojin sauraron waƙa na kyauta da ke cike da wayoyin jama'a, yawancinsu da talla suke ci. Ana cikin zaɓen waƙa sai wani hoto ya rufe fuskar waya baki ɗaya, da ɗan gicciye ƙanƙani a lungu wanda ko mai ido sai ya ƙanƙance ido. Sau da yawa muryar ba ta ma gano shi. Makaho ya buga nan, ya buga can, sai ya tsinci kansa a shafin 'yan caca ko na masu ba da bashi, datarsa na zuba. Wata manhajar kuma ba ta iya shiru ba: waƙa na tafiya, ita kuma tana sa muryar ƙirga daƙiƙoƙi a kai. Ka yi tunanin Nura M. Inuwa na tsakiyar baiti, wata Baturiya na karanto lambobi.

Manyan rumbunan waƙa na intanet suna nan. Boomplay, wadda ta fara a 2015, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kwali, don gidansu ɗaya. Audiomack ta Amurka ta samu karɓuwa sosai wajen matasan Arewa. Spotify ta shigo Nijeriya a watan Fabrairun 2021. Ga kuma YouTube, inda industirin kanta ta tare. Amfaninsu ga makaho babba ne, don a can waƙar Hamisu Breaker ko Umar M. Shareef ko Ado Gwanja na ɗauke da sunanta da sunan mai ita, ana iya nemo ta. Sai dai suna son data, suna son sabis mai ƙarfi, wanda ba biya yake ba kuma sai ya haƙura da talla. Wanda ke wani ƙauye a bayan Gwaram, da sai ya aika da waya shagon caji, ba kullum zai iya wannan hidima ba. Shi ya sa manhaja irin VLC, wadda wasu ɗalibai suka faro a Faransa, ke da farin jini wajen masu amfani da muryar waya: ba ta talla ko kaɗan, ba ta neman intanet, abin da ke cikin memori take bi jaka-jaka ta kunna. Wata dabarar kuma ta fi kowace manhaja sauƙi, wato ɗan maɓallin da ke jikin igiyar iyafis. Danna ɗaya tsayawa, biyu waƙa ta gaba, a yawancin wayoyi uku komawa baya. Abu dai ya dawo hannu, kamar zamanin rakoda.

Waƙa ɗari biyar, suna babu

Yanzu a ce an dace. Waya na magana, manhaja mai kyau ce, ba talla. Saurayi makaho ya shiga kasuwar Sara, ya miƙa memori ga mai turi, ya ce a cika masa da waƙoƙin fim, tsofaffi da sababbi. Ya biya, ya koma gida, ya sa yatsa a kan waƙar farko. Me zai ji? AUD-20240317-WA0012. Harafi-harafi, lamba-lamba, muryar za ta karanto masa. Wannan shi ne sunan da WhatsApp ke raɗa wa sauti idan ya bi ta cikinsa. Ta biyu, Track 01. Ta uku, ita ma Track 01, daga wani faifan daban. Ta huɗu sunan shafin da aka sauko da ita ne, an maimaita shi sau biyu. A wajen sunan mawaƙi, wayar ta ce ba a san shi ba.

Nan ne ainihin matsalar take, kuma ba Google ne ya jawo ta ba. Tun 1996 aka ƙirƙiro wa fayil ɗin MP3 wani ɗan gurbi a cikinsa, inda ake rubuta sunan waƙa, sunan mawaƙi, sunan kundi da shekara. Da wannan gurbi manhaja ke jera waƙoƙi, ta tara na Ali Jita wuri ɗaya, na Nazifi Asnanic wuri ɗaya. Waƙar Hausa kuwa tafiyar ƙafa take yi: daga sutudiyo zuwa wayar wani yaron sutudiyo, daga nan ta bi Xender ko Bluetooth, ta faɗa kwamfutar mai turi, ta shiga memori dubu. A hanya sunan ke zubewa, in ma an taɓa rubuta shi. Wasu shafukan sauke waƙa kuma sukan goge sunan mawaƙin su cusa nasu, sai ka tarar da mawaƙa talatin duk an mai da su mutum ɗaya.

Mai ido yana da mafita. Ya ga ɗan hoton da ke jikin waƙar, ko tsawon mintinta, ko ya tuna tana can wajen ƙasa-ƙasa, ya ja da yatsa ya same ta. Makaho sai ya kunna su ɗaya bayan ɗaya. Idan wadda yake nema ita ce ta 340 fa? Ga kuma haɗin DJ, inda ake ƙulle waƙa ashirin a fayil guda na awa ɗaya, ba gaba ba baya sai an ja wani siririn layi. Mutumin da ya fi kowa sanin muryar mawaƙi, shi ne ya kasa kaiwa ga waƙar da yake so a cikin wayarsa ta kansa. Daga ƙarshe ya miƙa wa ƙaninsa ya nemo masa.

Wannan miƙawar ba ƙaramin abu ba ce. Yaro ya karɓi waya, ya nemo waƙa, ya zarce wasan gem, ya leƙa saƙonni, ya ƙarar da caji. Budurwa makauniya da ke son jin wata waƙar soyayya sau goma a jere, kamar yadda kowace budurwa ke yi, sai duk gidan sun san wace waƙa ce, a fara yi mata tsiya ana tambayar waye. Abin da rakoda ta ba ta kyauta, wato ta ji abin da take so ba da sanin kowa ba, wayar dubban nairori ta ƙwace.

Su ma mawaƙan asara suke yi. Tsofaffin waƙoƙin shekarun 2000 da yawa ba su da wani kwafi mai rajista a manyan rumbuna, sai wanda aka kwafo daga kaset yana yawo ba suna. Manhajar da ke sauraron waƙa ta faɗi sunanta, irin Shazam, abin da aka shigar rumbunta kawai ta sani. Yara masu tasowa na jin waƙoƙin, suna hawa kansu a TikTok, ba su san wanda ya rera ba. Da ma can jarumi ne ke kwashe yabon, yanzu har sunan ya bi ruwa.

Baturiyar da ba ta jin Hausa

Ko an rubuta sunan daidai, da sauran rina a kaba. Muryar da ke zuwa a kan yawancin wayoyin nan ta Turanci ce, kuma da ƙa'idar Turanci take karanta duk abin da ta gani. Ba ta san ja da sauke murya irin na Hausa ba, ba ta san bambancin ƙ da k ba. Ka ba ta Ɗan Ibro ko Ƙassim ko Tsamiya, ka ji yadda za ta tauna su. Wani lokaci harafi mai lanƙwasa ma tsallake shi take yi, ko ta tsaya tana bayaninsa. Masu amfani da ita sun saba, kunnensu ya koyi fassara gwarancinta, har abin ya zama na raha a tsakaninsu. Amma sabon shiga fa? Kuma duk umarnin da take bayarwa da Turanci ne. Wanda ya yi makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka buɗe tun 1953, ko ta Tudun Maliki a Kano, zai bi ta tiryan-tiryan. Wanda allo kaɗai ya yi, kuma su ne suka fi yawa a karkara, sai ya haddace sautin kalmomin kamar karatun aku. Suna kuwa haddacewa. Junansu suke koya wa, baki da baki, ko ta saƙon murya a WhatsApp, wanda ya iya ya ɗora wanda bai iya ba.

Akwai alamun sauƙi. A watan Oktoban 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da mutum zai yi wa waya magana ta rubuta, ko ta yi masa bincike. Ma'ana, maimakon laluben haruffa a kan gilashi, sai ya danna alamar makirfo ya faɗi sunan waƙa ko na fim da bakinsa. A 2023 kuma kamfanin Meta, mai Facebook, ya fitar da wani aikin bincike na muryoyin kwamfuta a harsuna sama da 1,100, har da Hausa. Sai dai tsakanin ɗakin bincike da wayar itel da ke aljihun wani a Basirka akwai tafiya.

Sannan kuɗi. A 2007 gwamnatin Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ta fara biyan wasu naƙasassun Jigawa alawus na naira 7,000 duk wata, abin da ya ja hankalin ƙasa a lokacin. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka kafa masu hukuma ta ƙasa a 2020. Duk da haka, wayar da yawancin makafi ke iya saye ita ce mafi araha, mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda idan muryar da manhajar waƙa suka haɗu a kanta sai ta riƙa nauyi. Ka shafa yanzu, ta amsa anjima. Ga mai ido jinkiri ne kawai. Ga wanda amsar ce idonsa, duhu ne.

Bashin da ke kan industiri

Harkar waƙa dai ba ta isa ta ce ba ta san makafi ba. Dokta Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'i. Malam Yahaya Makaho na Kaduna, wanda ƙyanda ta makantar tun yana yaro, ya taso daga bara ya zama mawaƙin da ake ji da shi. A Legas akwai Cobhams Asuquo, wanda ya haɗa kiɗan kundin farko na Asa a 2007. Masoyan Indiya kuwa, ko kun san wanda ya yi kiɗan Geet Gaata Chal na 1975, fim ɗin da iyayenku suka yi yayi a sinimun Kano, makaho ne? Ravindra Jain ke nan, shi ne kuma ya yi na Chitchor da Ram Teri Ganga Maili. Ya rasu a 2015. Iyaye sun sha kuka da dariya a kan kiɗan mutumin da bai taɓa kallon fim ɗin da ya yi wa kiɗa ba.

A waje an fara biyan wannan bashi har a cikin fim kansa. Akwai abin da ake yi, a sa wata murya ta daban tana bayanin abin da ke faruwa a wuraren da ba a magana: ta buɗe jaka, ta ciro wasiƙa, ya laɓe a bayan ƙofa. Netflix ta fara haka a watan Afrilun 2015, da shirin Daredevil, bayan makafi sun yi ƙorafin cewa an yi shiri a kan jarumi makaho amma su ba za su iya bin sa ba. A watan Maris na 2024 gwamnatin Indiya ta fitar da ƙa'idar da za ta wajabta irin wannan bayani, daki-daki, a finafinan da ake nunawa a sinima. Shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa sun fi dogara da zance, shi ya sa makaho ke bin su ba wuya, sai an zo wurin da darakta ya saki fiyano na minti biyu ana kallon-kallo, ko aka zuba wa wani magani a abinci shiru. A nan zai taɓa na kusa ya ce me ya faru? Fitar da kwafi na biyu mai bayani a YouTube bai fi ƙarfin sutudiyon da ke iya juya fim ɗin Indiya na awa uku zuwa Hausa ba. Abu ne da MOPPAN za ta iya ɗauka, ko wani furodusa guda ya riga kowa.

Amma wannan babban buri ne. Na kusa shi ne suna. Injiniyan sutudiyo da ya kwana yana gyara murya, minti biyu ya ishe shi ya cike gurbin nan kafin ya saki waƙa: sunanta, mawaƙi da mawaƙiya duka biyun, fim ɗin da ta fito, shekara. Mai turi a tashar Gwaram ko kasuwar Birnin Kudu, da ke zaune gaban kwamfuta tun safe, zai iya ware jaka ɗaya ya gyara ta sau ɗaya tak. Kowane mawaƙi da jakarsa. Sunan waƙa a farko, don kada sai an saurari dogon sharhi kafin a kai gare shi. Ba lambobi a gaba, ba taurari da furanni, don muryar duk sai ta karanta su ɗaya-ɗaya. Haɗin DJ a ware shi gefe, wa'azi da karatu jakarsu daban, littattafan da ake karantawa su ma daban. Daga nan kwafa ce kawai. Kuma makafi mutane ne masu zumunci, kusan kowane babban gari da Sarkin Makafinsa, labari ba ya kwana a tsakaninsu. Shagon da aka ji memorinsa na faɗin suna, daga ƙauyuka za a riƙa aiko masa da kati a ɗaure a leda ranar kasuwa.

Shi kuma matashin da ke da yaya ko ƙanwa ko kaka mai lalurar gani a gida, yana iya gwada manhajar da ke wayarsa yau da daddare. Ya kunna TalkBack, ya kashe fitila, ya kife fuskar wayar daga idonsa, ya nemo waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, ya kunna, ya tsallake zuwa ta gaba, ya dawo. Kafin ya fara dai, ya tabbata ya san yadda ake kashe ta.